Modem na Huɗu

Modem uku mai shagon waya ya jona wa ƙaramar rautar motar, na'urar raba intanet mai tare masu kutse, duk ta ƙi su. Gobe kuma dillalan citta za su ɗauki direban motar shata daga Kafanchan zuwa Kauru, bisa sharaɗin akwai intanet a mota.

"Oga, wannan rauta modem tsohon yayi take so," in ji mai shago.

Direban ya laluba aljihun gaban mota, ya zaro modem ɗin matarsa, wanda bai taɓa ba tun rasuwarta. Ana jonawa, fitilar rautar ta koma kore.

Mai shago ya buɗe shafin rautar a wayarsa, ya miƙa wa direban. A sim ɗin da ke cikin modem ɗin akwai saƙo ɗaya da bai fita ba:

"Baban yara, kar ka yi gudu a hanya. Na ajiye maka tuwon acca."