Ranar da Muka Tari Yaya Idi a Bakin Gada

Ina 'yar lakwal, wato makarantar boko, a lokacin. Na dawo da la'asar na tarar Inna ta bar wanki cikin ruwa, tana zaune riƙe da ledar tramol da ta ciro daga aljihun wana, Yaya Idi. Dako yake yi a kasuwar Wadata, wai ƙwayar ce ke ba shi ƙarfi.

Ko abinci ba ta ce in ci ba. Ta ja hannuna muka bar unguwarmu Harobanda, muka tsallaka gadar kogi da ƙafa, muka tsaya a bakin da Yaya zai biyo. Hannunta na ƙanshin sabulun wanki.

"Inna, me ya hana mu jira shi a gida?"

Idonta na kan hanya ta ce, "Da safe ya ce mini in ƙwayar ta sake shi, ji yake gara babu shi a duniya. Ba zai bi ta kan ruwan nan shi kaɗai ba."

Da ya ɓullo, idanunsa jajir, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Idi, raka mu gida. Gobe mu je asibiti." Ta sa shi tsakiyarmu, ita ta bi gefen ruwa, ta riƙe rigarsa gam har muka sauka.

Yaya yana nan da ransa, har da 'ya'ya. Amma har yau in taksi ya hau gadar na hangi saurayi tsaye yana kallon ruwa, sai in ji ƙanshin sabulun nan.