Alkali da Miyar Yakuwa

Saura kwana shida jarrabawar kimiyya a sakandaren lardi, Namadi na zaune a tsakar gidan kawunsa a Tambuwal yana maimaita darasin "alkali" da ya ƙi shiga kansa, da babbar murya. Atu, ɗiyar kawun, wadda Namadi ya yi wa alkawarin aure, tana bakin murhu.

"Wane alƙali kaka ta kira, Yaya? Na Kebbe?"

Ya yi dariya. "Alkali, ba alƙali ba. Abu ne mai kashe tsami. Ba za ki gane ba."

Ta ɗebo miyar yakuwa a ludayi ta miƙa masa. Tsami ya sa shi yamutse fuska. Ta ɗiga ruwan kanwa a tukunya, kumfa ya taso ya lafa, ta sake ɗebo masa. Tsamin ya tafi.

Ya dubi littafi, ya dubi tukunya. Darasin ke nan.

"Na ji abin da kac ce ma Inna jiya," ta ce a hankali. "Wai ɗan sakandare ba shi zama da jahila. Na sauwaƙe maka."

Ya rasa inda zai sa idonsa. "Atu..."

"Ba ni ludayina, Yaya. Allah shi ba da sa'a."