Makiyayi a Gaban Alƙalai Tara

Lauya Branko Pirc ya ɗaga kwalin tabar sama yadda alƙalan kotun tsarin mulki su tara za su gani da kyau. A jikin kwalin akwai hoton wani saurayi mai gashin baki, sanda a kafaɗa, duwatsu a bayansa, yana murmushi kamar bai taɓa jin labarin tari ba. Shi ne Makiyayi, tambarin kamfanin.

"Masu girma alƙalai, shekara hamsin da biyu ke nan da kamfaninmu ya yi wa wannan fuska rajista. Dukiya ce, kamar gida, kamar gona. Tsarin mulki kuwa ya hana a ƙwace wa kowa dukiyarsa."

Sannan ya ɗauko kwalin da sabuwar doka ta tilasta musu. Launinsa kamar laka, babu Makiyayi, babu ado, sai hoton wani maƙogwaro da likitoci suka huda. Da yatsu biyu ya riƙe shi, kamar mushen ɓera.

"Wannan kuwa ba mu san shi ba, ba mu san daga inda gwamnati ta tsinto shi ba."

Wani sauti ya fito daga bayan zauren, kamar taya tana sacewa. Branko ya waiga. Wani tsoho ne, ya naɗe wuya da mayafi a tsakiyar zafin Yuli, kafaɗunsa suna rawa. Ashe dariya yake yi. Tsohuwar da ke gefensa ta zungure shi.

Ran Branko ya ɓaci. Shi ko taba ba ya sha, matarsa ta hana. Amma shugaban kamfani ya gaya masa ƙarara: ranar da Makiyayi ya sauka daga kwali, shi ma ranar zai sauka daga ofishinsa na bene na shida.

Ya gyara murya ya ci gaba. Ya ce mutanen birnin Ljubljana sun fi gane fuskar Makiyayi a kan ta maƙwabtansu. Ya ce alama ce ta ƙarfi da iskar duwatsu mai tsabta. Taya ta sake sacewa, har shugabar alƙalai ta leƙo ta saman tabarau. Branko ya manta sashen da zai karanto, ya hau laluben takardu gumi na bin kwalarsa.

Da aka tafi hutu, ya iske tsohon da tsohuwar zaune a matakala suna cin burodin gyaɗar dutse daga cikin takarda.

"Baba, in wasan kwaikwayo ka zo kallo, ka ɓata hanya."

Tsohon ya dube shi kawai yana tauna.

"Alojz ba ya magana, ɗan nan," in ji tsohuwar. "Ni nake yi masa, tun ma kafin ya daina."

"To me ya kawo ku kotu, Iya?"

"Tun da safe muka hau jirgin ƙasa daga ƙauye. Alojz ya rubuta mini cewa ko da sanda sai ya zo ya ga yadda rabon zai kaya."

"Rabon me?"

Ta kakkaɓe ɓurɓushin burodi daga cinyarta, ta nuna kwalayen nan biyu da ke hannunsa.

"Rabonsa mana. Fuskar nan da kake cewa taku ce, tasa ce yana da shekara ashirin. Maƙogwaron da ba ku sani ba kuma, shi ma nasa ne, bara aka ɗauki hotonsa a asibiti."