Ƙarƙashin Fijon Marigayi

Ƙafafu biyu kawai ake gani daga ƙarƙashin motar, cikin takalmin ruwa da wandon aiki da baƙin mai ya rine. An ɗora motar a kan bulo a garejin gidan, an shimfiɗa tabarma a ƙasa, ana ta kankara.

Fijo ce 504, fara, wadda marigayi Alhaji Datti ya tsufa yana jigila da ita tsakanin Rano da Kano. Tun da ya rasu ba ta motsa ba. Samanta fes, don matarsa Hajiya Lubabatu ba ta barin datti ya kwana a kai. Ƙarƙashin kuwa ba a magana. Giris da laka da baƙin mai sun haɗu sun daskare kamar ƙanzon tuwo.

A makon nan ne Hajiya ta ce lallai a wanke ƙarƙashin a yi masa fenti, don a cikinta take so a kai ta garinsu Kibiya ranar Sallah. Ta ce za ta kira Lado, tsohon bakaniken marigayi.

Labarin bai yi wa 'ya'yanta biyu daɗi ba. Amiru, babban, da ƙanensa Sagiru sun daɗe da samun wani attajiri a Kano mai tara tsofaffin motoci, da zai saye ta. Da ya zo ganin Fijon da kansa, tsintsiya Hajiya ta ɗauko masa.

Saboda haka suka zaɓi hantsi, lokacin da suka san takan tafi islamiyyar mata. Ko cikin gida ba su leƙa ba, suka wuce gareji.

"Lado, sannu da aiki," in ji Amiru.

Ba a amsa ba. Aka dai ƙwanƙwasa ƙarfe daga ƙasa, aka ci gaba da kankara. Sagiru ya ce wataƙila ya ɗaure bakinsa ne saboda warin kalanzir. Amiru ya ce hakan ma ya fi, dama ba saurare suka zo yi ba.

Aiki ake yi ba na wasa ba. A jiƙa da kalanzir, a bi da soson ƙarfe irin na wanke tukunya, a barbaɗa toka, a goge da tsumma. Inda ya bushe an riga an bi shi da baƙin fenti, yana ta ƙyalli. Sagiru ya ɗan leƙa gefen taya ya ce tun da yake bai taɓa ganin Lado ya yi aiki da tsafta haka ba.

Amiru ya jingina da ƙofar motar ya fara bayani. Idan Lado ya gama, ya je ya sami Hajiya da fuskar jimami. Ya ce mata tsatsa ta cinye shasi, fenti ba zai yi magani ba. Ya ce in ta kuskura ta shiga, kafin a fita daga Rano za ta tsinci kanta zaune a kan kwalta. In ta kama ya rantse, ya rantse.

Kankarar ta tsaya jim kaɗan, sannan ta ci gaba.

"Kada ka ji tsoro," in ji Sagiru. "Tsohuwar nan ba ta san bambancin salansa da muciya ba. Hira fa take yi da motar nan. Rannan na kama ta tana gaya mata tsadar gero."

Amiru ya kwashe da dariya. Ya ce ai ko Baba, Allah Ya ji ƙansa, ba son gyara ke kwantar da shi ƙarƙashin motar nan ba. In Hajiya ta fara faɗa, nan ne kaɗai mafakarsa. Sagiru ya kwaikwayi muryarta da tafiyarta, har da riƙe ƙugu, suka yi ta tafawa.

Sai batun lada. Amiru ya ce farin ragon da Hajiya ke kiwo a bayan gida ya zama na Lado. Su za su ce mata leda ya haɗiya ya mutu, sun jefar.

"In ka yarda, buga sau biyu."

Can aka buga sau uku, da ƙarfin da ya sa tsatsa ta zubo.

"Ka ji shi, har da ƙari!" in ji Amiru.

Sagiru ya zunguri takalmin da ƙafarsa cikin wasa, ya ce Lado ya rame, takalmi sai lilo yake. Amiru kuwa ya zaro waya ya kira mutumin Kano, ya ce gobe da safe ya turo motar ɗauka, magana ta ƙare, tsohuwa ta faɗa hannu.

Bai gama mayar da wayar aljihu ba suka ji sallama daga bakin gareji. Wani dattijo ne ya shigo da wankakkiyar riga, riƙe da gwangwani. Lado ne.

Ya gaishe su, ya wuce su, ya tsuguna a gaban takalman nan biyu.

"Hajiya, ga ƙarin fentin da kika aike ni. Da dai kin jira na dawo na ƙarasa miki."