Baƙin Gutsuren Muhsin

Da allurar ɗinkin buhu ɗana Muhsin ya nuna mana abin, a zaurenmu na ƙauyen Taba. Wani gutsure ne baƙi ƙirin, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya zo da shi daga makarantarsu a Zariya. Ya karce shi, sai wurin ya yi ruwan zinariya yana ƙyalli.

Ƙanena Inuwa ya dafe ƙirji. "Kai yaro, zinariya kake haɗawa ba mu sani ba?"

"Baffa, ba zinariya ba ce," in ji Muhsin yana dariya. "Wani ƙarfe ne mai wuyar samu, samariyum, aka haɗa da farar wuta. In an danne shi sai ya sauya launi."

"Ku 'yan boko, in za ku ɓoye abu sai ku ba shi dogon suna." Inuwa ya tashi, wai masu saran rakensa suna jira.

Bayan ya fita, Muhsin ya sa gutsuren a cokali ya kanga a garwashi. Ya koma baƙinsa.

Ranar kasuwar Makarfi 'yan bindiga suka tare Muhsin a hanya, suka tafi da shi. Da suka bugo waya ba su ambaci kuɗi ba, zinariyar yaron suke so. Na rantse musu babu ita. Suka sa na ji kukansa.

Na ɗauki allura na karce gutsuren ta ko'ina har ya yi ƙyalli duka. Na san ƙarya ce, amma ba ni da wani abu. Kowa ya ji tsoron kaiwa sai Inuwa. Ya dawo ya ce a gindin tsamiyar da suka kwatanta ya ajiye, bai ga kowa ba.

Washegari aka tsinci gawar Muhsin a cikin rake.

Tun ranar uwarsa ba ta magana. Ni kuma ban iya kuka ba. Inuwa ne ya yi ta kuka a wurin zaman makoki, ko kunu ya kasa sha, har na koma ni nake ba shi haƙuri. Da mutane suka tashi sallar la'asar, sai ya riƙe hannuna.

"Yaya, me ya sa bai gaya mini wuta tana mayar da shi baƙi ba? Wallahi da ban bari sun gwada ba."