Wadda Ta Tona Ni Gaban Likita

"Ke kuma? Karo na bakwai ke nan!" babbar nas ta daka min tsawa. "Inna, asibitin ƙwaƙwalwa ne nan, ba masauki ba."

Ba ni da gida, a rumfar tasha nake kwana. Ƙaramar nas ce kaɗai ke sakar min fuska. Rannan tana min kitso na faɗa mata gaskiya: "'Yata, na daɗe da daina jin muryoyin nan. Maza ne ke bi na a tasha, shi ya sa nake dawowa."

"Ba mai ji, Inna," in ji ta.

Washegari likita ya sallame ni. Na ɗauki ƙullin kayana, na tsaya gaban babbar nas. "Burinki ya cika. Allah ya isa!"

Ta jawo ni gefe, idanunta jajir.

"Sau shida ina rubuta ƙarya a fayil ɗinki don ki samu gado. Me ya kai ki gaya wa yarinyar nan? Ko kalma ɗaya ba ta ɓoye wa likita ba."