Lambar da Ta Ƙwace wa Tafinta Kujera

Shekara goma sha biyu Tafinta ne bakin unguwa. Tun da baƙi suka cika layin bayan kasuwa da yarensu, ko rigimar kwata ce sai an nemo shi, a ba shi kujera kusa da Shugaba. Da aka buɗe wa unguwa zauren tattaunawa a waya, ya ƙi shiga. Ya ce waya ba wurin maganar manya ba ce.

Matarsa kam ta shiga. Kullum yana karyawa tana kunna masa saƙonnin baƙin.

"Malam, me wannan take cewa?"

Ya fassara mata da baki cike da burodi.

"To in zan ba ta haƙuri fa, yaya zan ce?"

Ya gaya mata, yana mitar son gulma irin na mata.

Sai wata lamba ta ɓullo a zauren, babu suna babu hoto, tana juya kowane saƙo zuwa yaren ɗaya ɓangaren. Cikin wata biyu rigimar kwata ta mutu. Baƙi da 'yan gari suka sa hannu a takarda ɗaya, suna neman hukuma ta gyara famfo. Aka daina aiko wa Tafinta.

A shagon aski ya ji ana cewa mai lambar nan ya fi kowa iya zance, yana sanyaya magana ba tare da ya rage ta ba. Wanzami ya karanto masa guda. Fassarar ta yi kyau, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Ya zargi malamin makaranta, ya daina amsa gaisuwarsa. Ya zargi mai kemis, ya koma sayen magani a wata unguwa.

Ran nan Shugaba ya tare shi a hanya, yana sosa ƙeya. Jami'an hukuma za su zo gobe, kuma jama'a sun ce mai lambar suke so ya zauna a kujerar.

Ya dawo gida ya ƙi taɓa abinci.

"Ni za a ajiye saboda wanda ko fuskarsa ba a sani ba? Gobe zan je in ga ko ɗan wane ne."

Matarsa ta ciro tsohuwar wayarta daga ƙasan keken ɗinki, ta ajiye a gabansa.

"Sai ka sa babbar riga, Malam. Ni rubutawa kawai nake yi, duk abin da ke ciki daga bakinka ya fito."